Dillalin da ya ci bashi ya ce albashi ne: tsohon wasan Amurka ya sake tayar da muhawara

A daren Laraba 6 ga watan Nuwamba na 2019, ana cikin wasa a gidan wasan kwaikwayo na Piccadilly da ke birnin Landan, sai wani ɓangare na rufin ɗakin ya rufto a kan 'yan kallo. An fitar da mutane fiye da dubu ɗaya zuwa bakin titi, aka kwashi huɗu zuwa asibiti. Daga baya aka gano cewa ruwa ne ya daɗe yana yoyo har ya jiƙa rufin. Jarumin wasan, wani Ba'amurke baƙar fata mai suna Wendell Pierce, ya fito cikin jama'a ya ba su haƙuri, ya kuma roƙe su da su dawo su ga ƙarshen labarin. Jaridun Ingila ba su bar abin ya wuce haka nan ba, domin kuwa wasan da ake yi a daren labari ne na wani magidanci da gidansa ke rushewa a kansa sannu a hankali, yana ta ƙoƙarin kada kowa ya gane.

Sunan wasan Death of a Salesman, wato mutuwar mai tallan kaya. Marubucin Amurka Arthur Miller ne ya rubuta shi a 1948, aka fara nuna shi a birnin Niyok ranar 10 ga Fabrairun 1949, aka yi shi sau 742 a jere kafin a tsaya. Tun daga lokacin an sha sake ɗora shi a manyan dandalin birnin, kuma kowane babban ɗan wasa yana burin ya taka rawar dattijon nan Willy Loman kafin ƙarfinsa ya ƙare. George C. Scott ya yi a 1975, Dustin Hoffman a 1984, Brian Dennehy a 1999, Philip Seymour Hoffman a 2012.

Mai karatu da ke zaune a rumfarsa a Jibiya ko Ƙonni ko Maigatari zai iya tambaya, me ya haɗa mu da wasan Turawa? To ga labarin, sai ka yanke hukunci da kanka.

Willy Loman ya haura shekara sittin. Ya yi wa kamfani ɗaya aiki fiye da shekara talatin, yana ɗaukar samfurin kaya cikin akwatuna biyu, yana tuƙa mota gari-gari yana nema wa kamfanin masu saye. Har wasan ya ƙare ba a faɗi irin kayan da yake sayarwa ba. Da tsufa ya kama shi, masu sayen da suka san shi suka mutu ko suka bar kasuwa, sai kamfanin ya yanke masa albashi ya bar shi da la'ada kaɗai, kamar sabon yaro. La'adar kuma ba ta zuwa. Sai ya riƙa zuwa wajen maƙwabcinsa Charley duk mako yana karɓar rancen dala hamsin, ya kawo wa matarsa Linda ya ce albashinsa ne. Linda ta sani sarai, amma ba ta taɓa nuna masa ta sani ba. Charley ya yi masa tayin aiki ba sau ɗaya ba, girman kai ya hana shi karɓa. Ga bashin firji, ga na mota, ga na gida da ake biya kaɗan-kaɗan tsawon shekara 25, kuma kafin a gama biyan abu ya riga ya lalace.

Yana da 'ya'ya maza biyu, Biff da Happy, kuma ya raine su a kan aƙida ɗaya: idan mutum yana da farin jini, ya gama samun duniya, karatu da naci na marasa kwarjini ne. Biff ya kai shekara 34 ba shi da sana'a tsayayya, hannunsa kuma ba ya zama lafiya. Ɗan maƙwabci, Bernard, wanda suke yi wa dariya saboda yawan karatu, ya zama lauya har yana tsayawa a gaban kotun ƙoli. Akwai kuma wani sirri tsakanin uba da ɗa: Biff yana saurayi ya taɓa bin mahaifinsa Boston, ya iske shi a ɗakin otal da wata mace. Daga ranar yaron ya karaya. A ƙarshe, bayan an kori Willy daga aiki, sai ya lissafa cewa gawarsa ta fi shi daraja, tunda yana da inshorar rai ta dala dubu ashirin. Ya shiga mota da dare ya hallaka kansa. Bai taɓa shakkar cewa jana'izarsa za ta cika maƙil da abokan ciniki daga jihohi daban-daban ba. Iyalinsa ne kawai da maƙwabcin nan da ɗansa suka tsaya a bakin kabari, kuma a ranar ce Linda ta biya kuɗin ƙarshe na bashin gidan.

Miller ya san abin da yake rubutawa. Mahaifinsa yana da masana'antar ɗinka rigunan mata a Niyok, jarinsa ya karye bayan rushewar kasuwar hannun jari ta 1929. Wani kawunsa kuma mai tallan kaya ne mai yawan cika baki, kuma daga gare shi ya ɗauki siffar Willy.

Yadda 'yan kallon farko suka karɓi wasan ya zama labari shi ma. A littafin tarihin rayuwarsa mai suna Timebends, wanda ya fito a 1987, Miller ya ce da aka gwada wasan a Philadelphia kafin a kai shi Niyok, an sauke labule amma ba wanda ya tafa. Mutane suka miƙe, wasu suka sa rigunan sanyinsu suka sake zama, wasu maza suka sunkuyar da kai suna kuka a fili. Sai can aka tuna da tafi. Ya kuma ce wani attajiri mai manyan kantuna, Bernard Gimbel, ya ba da umarni a daren cewa kada a sake korar wani ma'aikacinsa saboda tsufa. A ɓangare guda kuma wasu 'yan kasuwa sun ji haushi. Da kamfanin Columbia ya mayar da wasan fim a 1951, sai da ya shirya wani gajeren fim na daban don a nuna cewa sana'ar talla lafiyarta lau, Willy ne kawai bai iya ba. Miller ya yi tsaye a kan cewa ba za a haɗa wannan da aikinsa ba.

Abin da ya bambanta farfaɗowar 2019 da waɗanda suka gabace ta abu ɗaya ne. Mata biyu da suka shirya ta a gidan wasa na Young Vic a Landan, Marianne Elliott da Miranda Cromwell, sun mayar da iyalin Loman baƙaƙen fata, suka bar maigidan Willy da maƙwabcinsa da matar nan ta Boston a matsayin farare. An taɓa yin wasan da baƙaƙe a wasu biranen Amurka, kamar wanda Charles Dutton ya yi a 2009, amma da aka kai wannan gidan wasa na Hudson a watan Oktoban 2022, shi ne karo na farko da iyalin Loman suka fito baƙaƙe a Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasa ta Niyok. Akwai hannun 'yan Nijeriya a ciki sosai. Arinzé Kene, haifaffen Legas, shi ya fara yin Biff, Martins Imhangbe ya yi Happy, daga baya Sope Dirisu ya karɓi Biff, sannan makaɗin jita Femi Temowo ya tsara kiɗan.

Kusan ba su taɓa kalmomin Miller ba. Wani ɗan gyara da masu sharhi suka lura da shi shi ne na jami'ar da Biff ke burin shiga: a rubutun asali ta Virginia ce, wadda ba ta karɓi ɗalibi baƙar fata ba sai a 1950, don haka aka sauya ta da wata ta Los Angeles. In ban da irin wannan, maganar ita ce dai ta 1949. To amma ma'anarta ta juya.

Inda masu sharhi suka fi tsayawa shi ne wurin da Willy ya shiga ofishin maigidansa Howard. Howard ɗan tsohon maigidan ne, Willy ya san shi tun yana jariri, har yana cewa da shawararsa aka raɗa masa suna. Ya zo roƙon a ba shi aikin zama a cikin gari saboda ba ya iya tuƙi kuma. Ya nemi dala 65 a mako, ya sauko hamsin, ya sauko arba'in. Shi kuwa Howard hankalinsa na kan wata sabuwar na'urar ɗaukar murya da ya saya, yana ta kunna muryar 'ya'yansa, yana kuma kiran dattijon nan da yaro. Willy ya tuna masa alkawarin da mahaifinsa ya yi masa da baki shekaru da dama da suka wuce. Babu takarda, babu shaida, mai alkawarin ya mutu. Aka sallame shi hannu rabbana. Da farar fata ke yin Willy, kalmar yaro raini ne na mai kuɗi. Da baƙar fata ya tsaya a wurin, a Amurka ta shekarun 1940 inda farare ke kiran tsoho mai furfura yaro don su tuna masa matsayinsa, sai kalmar ta zama mari. Haka wurin da aka kai Willy da 'ya'yansa ɗakin baya a gidan cin abinci. A da ana ganin karramawa ce don su samu sukuni, yanzu kowa ya ga ɓoye su aka yi. Matar Boston ma haka, domin baƙin da aka kama da farar mace a otal a wancan zamani ransa ne ke cikin haɗari, ba aurensa kaɗai ba.

Yawancin jaridun Landan sun yaba ƙwarai, haka ma Jesse Green na jaridar New York Times da aka kai wasan can. Abin da suka fi nanatawa shi ne an ba tsohon wasa sabon rai ba tare da an yi masa ƙari ba. Wannan kuwa ya taɓo wata tsohuwar muhawara. Tun shekarun farko marubuciya Mary McCarthy ta yi ƙorafin cewa Willy yana magana da salon Yahudawan Niyok amma wasan ya ƙi faɗin asalinsa, sai ya zama mutum marar dangi marar tushe. Shirin 2019 ya ba shi tushe, kuma da tushen ne aka gane dalilin da ya sa yake mutuwar son a so shi. Mutumin da ke shiga kantunan farare shi kaɗai, da murmushi da barkwanci yake sayen izinin tsayawa a bakin ƙofa.

Ba kowa ne ya gamsu ba, musamman a Niyok. Wasu sun ga wasan ya yi tsawo, don ya haura sa'a uku. Wasu sun ga an cika shi da ado: kujeru da tagogi da ke rataye a sama suna saukowa idan an bukace su, walƙiyar fitila kamar ta mai ɗaukar hoto duk lokacin da Willy ya koma tunanin baya, ga waƙe-waƙen da aka saƙa a ciki. Wasu sun ce Pierce yana ɗaga murya da motsa jiki fiye da kima. Akwai kuma tambayar da ta fi waɗannan nauyi: yaya baƙin mutum zai sha wannan wulaƙanci shekara talatin, amma ko sau ɗaya, ko a cikin ɗakinsa da matarsa, bai ambaci launin fatarsa ba? Amsar masu goyon baya ita ce wannan shirun shi ne ciwon, mutum ne da ya yarda da alkawarin Amurka har ya ƙi ganin abin da ke gabansa.

Mu dai a ganinmu duka ɓangarorin suna da gaskiya, amma akwai abin da muhawarar launin fata ta so ta danne. Idan aka ɗora komai a kan wariya, sai a manta da laifin Willy na kansa, alhali Miller bai wanke shi ba. Shi ya ga ɗansa ya ɗauko ƙwallo daga makaranta ba da izini ba ya yi dariya. Shi ya tura yaran su kwaso yashi da katako a wurin ginin wasu. Shi yake dawowa daga tafiya ya faɗi cinikin da bai yi ba, sai Linda ta ɗauki fensir tana lissafi sannan adadin ya riƙa raguwa. Wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san irin wannan mutum, kuma ya san cewa rufin asiri iri biyu ne. Akwai wanda Allah ke yi wa bawa, akwai kuma wanda mutum ke ɗinka wa kansa da ƙarya, ya sa babbar riga mai sitati ya zauna a gaban rumfar da kayan cikinta na mutane ne, yana biyan bashin wannan da kuɗin wancan. Lokacin da ake wannan wasa a Landan, iyakokin Nijeriya na ƙasa suna rufe tun watan Agustan 2019, kuma ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamban 2020. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. A waɗannan watanni magidanta nawa ne suka riƙa fita da sassafe kamar masu zuwa kasuwa, su dawo da cefanen rance, uwargida ta karɓa ta yi godiya ba ta tambaya ba?

Wurin Howard ɗin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Al'adarmu ta kasuwa ta tanadi sallama: yaro ya yi wa ubangida hidima shekaru, in lokaci ya yi a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, wani ma har da aure. Al'ada ce mai kyau, kuma ta fi abin da Willy ya samu nesa ba kusa ba. To amma da baki ake ƙulla ta. Idan Alhaji ya rasu kafin ya cika, magada suka zo da lissafinsu da sababbin yaransu, sai ka ga mutum mai shekara hamsin yana tsaye a gaban wanda ya goya yana tuna masa maganar da ba wanda ya rubuta.

Akwai mutum ɗaya a wasan da ya shafi nahiyarmu kai tsaye, wato Ben, yayan Willy, wanda ya mutu amma yake fitowa a tunaninsa. Labarin Ben shi ne ya shiga dajin Afirka yana da shekara 17, ya fito yana da 21 ya zama attajiri da lu'ulu'u, kuma har an ambaci Gold Coast, wato Gana ta yau. Ba a taɓa faɗin yadda ya samu dukiyar ba, ko wa ya haƙa, ko wa ya rasa. A Niyok dattijon ɗan wasa André De Shields ne ya fito a matsayinsa cikin fararen kaya masu ƙyalli. Kowace kasuwa tana da Ben ɗinta, wanda ya yi tafiya ɗaya ya dawo da motoci, ana ba yara labarinsa, ba a ba su labarin ɗari da suka bi sawunsa suka dawo da bashi.

Cewa wasan yana ketare iyaka ba sabon abu ba ne. A 1983 Miller da kansa ya je Bejin ya shirya shi da 'yan wasan ƙasar Sin, Ying Ruocheng ya fassara ya kuma yi Willy. A lokacin mutanen Sin ba su san mai yawon talla na kamfani ba, inshorar rai ma baƙuwa ce a wurinsu, an yi fargabar ba za su gane komai ba. Suka gane uban da ke son 'ya'yansa su zama manya ko ta halin ƙaƙa, wannan ya ishe su. Abin mamaki, ƙasar da aka ce ba ta san ɗan talla ba ita ce yau 'yan kasuwarmu ke tururuwa zuwa Guangzhou sarin kayanta. Mu ma akwai inda za mu tsaya mu yi ta'awizi, domin kashe kai babban zunubi ne a addininmu, kuma ba ma ganinsa a matsayin sadaukarwa. Wasan ma bai ƙawata shi ba. Bai nuna an biya kuɗin inshorar ba, kuma Biff, wanda aka yi abin dominsa, ya tsaya a bakin kabari yana cewa mahaifinsa bai taɓa sanin kansa ba.

Wajen rabon kyaututtuka, Landan da Niyok sun sha bamban. A kyautar Olivier ta 2020 Sharon D Clarke, wadda ta yi Linda, ta lashe ta gwarzuwar 'yar wasa, Elliott da Cromwell suka lashe ta shiryawa. Masu sharhi da dama sun ce Clarke ce ginshiƙin wasan, don ta fitar da Linda a matsayin mace mai ƙarfi da ta zaɓi yin shiru da saninta, ba baiwar Allah da ba ta san abin da ake ciki ba. A kyautar Tony ta 2023 kuwa ko sunanta ba a sa ba, abin da ya jawo gunaguni. An sa sunan Pierce a duka biyun, bai samu ko ɗaya ba.

Shi Pierce ba a littafi ya karanta karyewar jari ba. Ɗan New Orleans ne, ambaliyar Katrina ta 2005 ta cinye gidan iyayensa. Daga baya shi da abokan haɗin gwiwa suka buɗe babban kantin kayan abinci mai suna Sterling Farms a 2013 don unguwannin da ba su da kanti kusa, bai fi shekara guda da 'yan watanni ba aka rufe shi. A daren buɗe wasan a Niyok mahaifinsa, tsohon sojan yaƙin duniya na biyu mai shekara 97, yana zaune cikin 'yan kallo.

Martanin da ya fi yawo a duniya bai fito daga alƙalamin mai sharhi ba. A daren Talata 27 ga Disamban 2022, bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, wata mata daga cikin 'yan kallo ta taso ta nufo gaban dandali tana ɗaga murya, har aka dakatar da wasan aka kunna fitilu. Pierce ya matso bakin dandali ya riƙa lallashinta, ya ce ta yi magana da shi, har ya yi tayin a mayar mata da kuɗin tikitinta daga aljihunsa don sauran jama'a su samu su ga ƙarshen abin da suka biya. Ba ta yarda ba, sai da 'yan sanda suka zo suka fita da ita. Aka rage fitilu, ya koma cikin rigar Willy, aka ci gaba da wasan. An rufe shi ranar 15 ga Janairun 2023.